Ƙullin Tela

"Huɗu, biyar, shida. Kada ki ture, saura biyu."

Tanwir yana durƙushe a kan darduma, hannu ɗaya ya tallabe ƙeyar Kinza, ɗayan ya danne robar shaƙar magani a kan hancinta da bakinta. Yarinyar ta zuba masa ido ta saman robar. Ba ta kuka, ba ta fizge-fizge, ta saba. Wannan sabon shi ne ya fi damunsa, domin bai ga dalilin da 'yar shekara uku za ta iya haƙuri irin na tsofaffi ba. Da ya cire robar ya kara kunnensa a bayanta. Fiton yana nan, siriri, can ƙasa, kamar iska na bi ta kafar makulli.

"Ya yi shiru?" matarsa Shagufta ta tambaya daga wajen murhu, tana juya roti, gurasar safe.

"Ya ragu."

"Ni shiru na tambaya. Ka ɗaura mata ƙyallen ulu a hanci, Baban Zuhaib. Ka dai ga garin."

Ya gani. Tun shigowar Disamba hayaƙi ya sauko ya kwanta a kan Lahore, har mutum yana jin ɗanɗanonsa a harshe. Daga ƙofar gidansu ba a hango hasumiyar masallacin unguwa.

Zuhaib, abokin tagwaicin Kinza, ya shigo da gudu da takalmi ƙafa ɗaya, ya haye bayan kakarsa da ke zaune tana jan carbi. Tsohuwar ta yi ihun ƙarya, ta kamo shi ta sumbaci goshinsa.

"Ku bar min wannan a gida," ta ce. "Me likita za ta duba a jikin ɗan bijimin nan? Ku kai mai fito."

"Takardar ta ce su biyun, Ammi," in ji Tanwir.

"Takarda! Kai da takarda. Ita ce ka sa wa hannu aka yi canke da jikokina kamar ana rabon naman layya. Yau dai za a faɗa mana wanda aka ba magani da wanda aka ba ruwan famfo. Ko da yake ni ba sai an faɗa min ba, ina da kunne."

Shagufta ta ci gaba da juya gurasarta. Tanwir ya sunkuya yana neman ɗaya takalmin a ƙarƙashin gado, ya daɗe a can fiye da yadda neman takalmi ke buƙata.

Shekara uku ke nan, a irin wannan sanyi. Tagwayen suna wata huɗu ciwon ƙirji ya kama su rana ɗaya: tari, zazzaɓi, haƙarƙari yana lotsawa da kowane numfashi. A asibitin yara wata likita mai suna Samina ta zaunar da iyayen ta yi musu bayani a tsanake. Wata ƙwayar cuta ce da ke bin jarirai duk sanyi, ta ce, kuma akasarinsu suna warkewa cikin mako guda. Sai dai da yawa daga waɗanda ta kama da wuri sukan tashi da fito a ƙirji, wasu har ya zama asma. Akwai sabon magani da ke kashe ƙwayar, ana so a gano ko yaron da ya sha shi zai tsira daga fiton nan gaba. Hanyar ganowa ɗaya ce. A ba rabin yaran na gaske, a ba rabi ruwa mai kama da shi wanda babu komai a ciki, a bi su shekara uku ana sauraron ƙirjinsu. Na'ura ce ke jefa ƙuri'a. Ita kanta likitar ba ta san wa ya samu wanne ba.

Tanwir tela ne, a aji biyar ya bar makaranta, amma sai da ya karanta takardar nan daga sama har ƙasa kafin ya sa hannu. Aka ba yaran cokalin farko a nan asibiti, aka miƙo kwalabe biyu masu ruwan ƙasa, na kwana biyar, safe da yamma. Babu abin da ya raba su sai dogayen lambobi. Shagufta ba ta iya karatu ba. Ta zura hannu a aljihun rigarsa, inda ba a rasa guntayen zare, ta ɗaura ja a wuyan kwalbar Zuhaib, kore a ta Kinza. A lokacin "Baban Kinza" take kiransa, saboda Kinza ce ta riga fitowa da minti goma sha ɗaya, Ammi kuwa tana ta mita cewa ba a kiran mai ɗa namiji da sunan 'ya.

Washegari da azahar ya dawo daga shago ya tarar da yaran su kaɗai a ɗaki suna barci, Shagufta tana saman soro tana shanya. Kwalaben suna kan kanta. Bai shigo da niyyar komai ba, wannan kam ya tabbata. Ya dai buɗe mai jan zare, ya taɓa ɗan yatsa ya lasa. Ya buɗe mai koren. Mai koren ta fi ɗaci, ba da yawa ba, amma harshe ya ji. Shi kuwa a iya saninsa, tun daga jiƙon da ake ɗura masa yana yaro, magani ɗaci gare shi. Ya tsaya ya dubi yaran biyu. Sannan ya kwance zaren, ya mai da ja a kwalbar Kinza, kore a ta Zuhaib, ya ƙulle. Bai kai minti guda ba.

Ya sha gaya wa kansa cewa numfashin Zuhaib ne ya fi muni a ranar, kuma duk uban kirki abin da zai yi ke nan. Shekara uku yana gwada wa kansa wannan hujja kamar yadda yake gwada wa mutum riga, ya rage nan, ya saki can, kullum sai ta ɗage a kafaɗa. Gaskiyar ita ce bai tuna wanda ya fi jin jiki ba. Abin da ya tuna shi ne hannunsa bai yi wata-wata ba.

Yaran suka warke tare. Da sanyi ya zagayo Kinza ta fara fito, Zuhaib ko atishawa. Tun daga nan Tanwir ne ke riƙe robar shaƙa, shi ke gudu da ita asibiti, shi ya koyi bambanta fiton da zai wuce da wanda ba zai wuce ba. Matan layinsu har misali suke yi da shi, su ce wa mazansu ku je ku ga yadda Masta Tanwir ke son 'yarsa. Duk ranar da maganar ta dawo kunnensa, abinci ba ya shiga.

Yau binciken ya ƙare, za a buɗe ƙuri'ar. Yau zai ji da kunnensa abin da ya ƙwace mata.

A cikin bas Shagufta ta wuce gaba wajen mata da Zuhaib, shi ya tsaya a baya da Kinza a kafaɗa, yana jin ɗumin numfashinta a wuyansa ta cikin ulun. Direba yana tafiya da fitila a kunne da ƙarfe tara na safe. Tanwir ya tuna ranar da ya tari limamin unguwa bayan sallar la'asar, ya tambaye shi hukuncin mutumin da ya ɗauki wani abu daga kwanon ɗansa ɗaya ya sa a na ɗayan, alhali bai san ko nama ya ɗauka ko ƙashi ba. Limamin ya ce niyya ake dubawa. Sannan ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Kai ne ko wani abokinka?" Ya ce abokinsa ne. Bai sake tsayawa bayan la'asar ba.

Fata ɗaya ya rage masa, kuma ya san ba shi da ƙarfi: wataƙila iri ɗaya aka ba yaran, harshensa ne ya yaudare shi.

Zauren jira ya cika da iyaye da yara sa'o'in juna, duk haihuwar shekara ɗaya, duk ciwon sanyi ɗaya. Tun daga ƙofa wata murya ta tare su.

"Ga Masta! Ga mai riƙe min yadi tun ƙaramar Sallah!"

Baji Parwin ce, ma'aikaciyar da ke zuwa gidansu duk bayan wata uku da fayil da abin sauraron ƙirji. Ta san inda suke ajiye sukari, ta san ranar da Ammi ke fushi.

"Juma'a in sha Allah, Baji."

"Wace Juma'ar? Ta duniya ko ta lahira? Shagufta, yaya kike zama da mutumin nan? Ko ke ma rigar aurenki tana shago har yau?" Ta durƙusa gaban Kinza, ta sauke mata ƙyallen. "'Yar tsuntsuwata, yau kin yi waƙa?"

"Kaɗan," in ji Kinza, tana nuna babanta. "Abbu ya kashe ta."

Suka samu wuri a benci kusa da wani mai gashin baki da ke riƙe da ɗansa ta bayan riga kada ya tsere. Mutumin ya dubi tagwayen ya girgiza kai.

"Biyu ka kawo? Kai ka more, ɗan'uwa, ko yaya aka jefa ka samu ɗaya. Ni guda ne. Idan ya tabbata ruwan banza aka ba shi, to shekara uku ke nan ina yi wa ruwan banza addu'a. Matata har sadaka ta yi da sunansa."

Ya yi dariya, Tanwir ya taya shi da leɓe kawai.

Sai wajen sha ɗaya aka kira su. Dakta Samina ta yi furfura a gefen kai tun bayan ganinsu na farko. Ta saurari ƙirjin Zuhaib, yana ta jan igiyar abin sauraron. Ta saurari na Kinza, ta daɗe, ta rubuta wani abu. Sannan ta jawo farar ambulan ta yage bakinta.

"Ni ma yanzu zan gani, tare da ku," ta ce, ta sa tabarau. "Zuhaib Tanwir, lamba ɗari biyu da sha huɗu. Maganin gaske. Kinza Tanwir, ɗari biyu da sha biyar." Ta ɗago kai. "Na wofi."

Tanwir bai fahimta nan take ba. Sai da ya bi maganar a hankali, kamar mai bin layin alli a kan yadi. Kwalbar Zuhaib ce ta gaske. Ita ya ɗaura wa koren zare. Koren zare kuwa na Kinza ne. Ke nan abin da ya sace ya kai wa ɗansa ruwa ne, abin da ya tura wa 'yarsa shi ne maganin. Ta sha na gaske, kwana huɗu cur, kuma shi ya ba ta. Fiton nan ba shi ya sa mata ba.

Wani abu ya saki a ƙirjinsa. Ya ji yana son yin dariya, ya kuma ji kunyar son.

"Dakta Sahiba," ya ce, yana kiranta da laƙabin girmamawa, "na wofin, yana da ɗaci?"

Likitar ta cire tabarau tana murmushi. "Masta, ka lasa ke nan. Kada ka ji kunya, rabin iyayen da ke zaune a waje sun lasa. Da gangan aka zuba masa ɗaci don kada a gane. Wasu ma sun ce hannun mai zubawar ya zarce."

Ya juya ya dubi Shagufta. Ya zaci zai ga fushi, irin na uwar da aka gaya wa cewa an ba 'yarta ruwa. Bai ga fushi ba. Fuskarta ta ɗashe, hannunta yana kan kan Kinza kamar ta manta shi a can.

"Ruwa," ta ce.

Likitar ta zuba mata a kofi. Ta sha rabi, ta riƙe sauran a cinya.

"Dakta Sahiba, da ta sha na gasken, da ba ta yi fiton ba?"

"'Yar'uwa, da na sani da na faɗa miki. Yara ɗari shida muka bi. Cikin waɗanda na gani jiya akwai wanda ya sha na gaske yana fito ya fi Kinza, akwai wanda ya sha na wofi yana hawa katanga. Ga hayaƙin garin nan, ga gado, ga sanyin ɗaki. Sai an haɗa duka an duba kafin a ce wani abu. Kuma ko an ce, a kan yara ɗari shida za a ce, ba a kan Kinza ba." Ta mai da takardar cikin fayil. "Amma naku biyun suna da daraja a wurinmu. Ciki ɗaya, nono ɗaya, iska ɗaya, kwalba daban. Daga baya ma an daina raba tagwaye, don tsoron kada a cakuɗa kwalabe a gida. Ku kun riga shiga."

Sanyin da ya sauka a zuciyar Tanwir ya fara janyewa. A takardar nan, yaron da ya sha magani lafiyayye ne, yarinyar da ba ta sha ba tana fito. A gidansa kuwa akasin haka aka yi.

"Idan aka samu kuskure fa?" ya tambaya. "A yaro ɗaya ko biyu?"

"Bambancin da muke nema ƙarami ne, Masta. Yara goma na iya karkatar da shi. Idan muka ce yana aiki alhali ba ya yi, uwaye dubbai za su ɗura wa jarirai abin da ba shi da amfani. Idan muka ce ba ya yi alhali yana yi..." Ta dubi Kinza, ba ta ƙarasa ba. Ta miƙo masa wata takarda. "Ta ƙarshe ke nan. Ka je waje ka karanta, na san halinka. In ka sa hannu ka ba Parwin."

Baji Parwin ta ja yaran zuwa ɗakin awo, Zuhaib yana gaba yana shelar cewa shi zai fara hawa sikeli. Tanwir da Shagufta suka zauna a wani benci a ƙarshen baranda, kusa da tagar da ba a ganin komai ta cikinta sai toka-toka. Ya shimfiɗa takardar a gwiwa. Layi shida ne. Na huɗu ya ce: Na tabbatar kowane yaro ya sha daga kwalbar da aka ba shi.

Ya cire murfin biro ya mayar. Babu wanda ya sani. Ammi za ta ce ai dama ta faɗa, Shagufta za ta ɗora wa ƙuri'a, shi kuma ya koma shago da ƙirji sakayau karon farko cikin shekara uku. Bai cuci yarinyar ba. Ya dai so ya cuce ta, aka juya hannunsa. Shin mutum yana tona laifin da bai auku ba, ya rushe gidansa a kai? Yara biyu cikin ɗari shida. Amma da wannan hannun ya ƙulla zaren, da shi kuma zai sa hannu a ƙarya, kuma wannan karon ba 'ya'yansa kaɗai abin zai taɓa ba. Idan kuwa ya koma ya gaya wa likita, Shagufta za ta ji. Gara ta ji daga bakinsa.

"Ba zan iya sa hannu ba," ya ce.

"Biron ne?"

"Ki saurare ni. Layi na huɗu ya ce kowane yaro ya sha daga kwalbarsa. Ba haka aka yi ba." Ya ɗora yatsa a kan layin. "Rana ta biyu, kina sama kina shanya, na lasa su. Ta Kinza ta fi ɗaci, na zaci ita ce ta gaske. Na sauya zaren. Na ba Zuhaib."

Ya jira. Wata ma'aikaciya ta wuce tana tura keken marasa lafiya da babu kowa a kai. Shagufta tana kallon kofin da ta fito da shi daga ofishin likita ba tare da ta sani ba.

"Sa hannu," ta ce.

"Ba ki ji ni ba ne? Na ce Kinza ce ta sha na gasken. Takardarsu a juye take. Dole in koma in..."

"Na ji ka. Na ce ka sa hannu. Takardar gaskiya ta faɗa."

Ya dube ta. Ba ta ɗago ba.

"Ni ƙulli biyu nake yi, ɗaya kan ɗaya, kamar na bakin buhu. Da na sauko daga sama na tarar da ƙullin tela. Wanda ake naɗe zare a yatsa a murza, a datse bakin daidai. Wa ke irin wannan ƙulli a gidan nan? Ammi?" Ta juya kofin a hannu. "Kwalbar Kinza akwai tabon kurkum a takardarta, babban yatsana ne, tun daren farko. Ban iya karatu ba, amma ba makauniya ba ce ni. Ban taɓa zarenka ba. Na bar shi yadda ka ɗaura, na riƙa bin tabon. Safe da yamma har suka ƙare. Kowa ya sha nasa."

Tanwir ya ji barandar ta yi nisa, kamar yana kallonta ta ƙasan kwalba. Ita ce ke ba su maganin, ba shi ba. Da safe yana shago, da yamma tana shiga da su ɗakin ciki. Bai taɓa tsayawa ya gani ba, domin ba ya son gani.

"Shekara uku," ya ce. "Me ya hana ki magana?"

"In ce me? Yara biyu suna neman numfashi, ni in tsaya in tambayi ubansu wanne ya fi so? Ai na ga amsar a wuyan kwalba."

Ya sunkuyar da kai a kan takardar.

"Ni ma na lasa," ta ci gaba, muryarta ta yi ƙasa. "Da na ga abin da ka yi, na lasa. Na ce to, mai ɗacin rabon 'yata ne, Allah ya ba ta, babu mai ƙwace mata, ko ubanta ne. Duk ranar da take fito ina cewa a raina ko ba komai ta sha na gasken, maganin ne bai yi ba. Da wannan nake barci." Ta ajiye kofin a kan benci a hankali. "Ashe da na bar ka da son kanka, da ta sha."

"Likita ta ce ba ta sani ba. Kin ji ta. Ta ce akwai wanda ya sha yana fito ya fi..."

"Na ji ta. Kai ma ai ka san ba a sani ba, ya hana ka kwana a kan darduma kusa da ita?"

"Ke kin ba kowa nasa. Ni ne na..."

"E, na ba kowa nasa."

Ta share ido da bakin mayafi sau ɗaya, ta gyara zama. Shi kuwa sai wani abu ya faɗo masa, ƙarami, wanda ya daɗe a gabansa bai gani ba. A wancan makon ne ta daina kiransa Baban Kinza, ta koma Baban Zuhaib. Ya zaci mitar Ammi ce ta ci ƙarfinta, har ya ji daɗin zaman lafiyar da aka samu. Tun daga ranar, sau goma, sau ashirin a yini, wajen miƙo shayi, wajen aiken kasuwa, a gaban baƙi, tana gaya masa abin da ta sani, shi kuma yana amsawa.

Ya cire murfin biron. Ya sake karanta layi na huɗu, babu kuskure ko ɗaya a cikinsa. Ya sa hannu.

"Kilo sha huɗu da rabi!" Zuhaib ya taho da gudu yana ihu. "Abbu, na fi ta!"

"Da takalmi ya hau," in ji Kinza daga baya.

Baji Parwin ta karɓi takardar ta duba. "Masta, wannan sa hannu ne ko tafiyar tururuwa? Da wannan hannun za ka yanka min yadi? To na fasa gaggawa, ka huta tukuna." Ta dubi Shagufta, ta dubi Tanwir, dariyarta ta ragu. "Kada ku sa abin a rai. Ƙuri'a ce, ba laifin kowa ba ne. Tun safe nake faɗa wa mutane."

"Haka ne, Baji," in ji Shagufta.

A bakin ƙofar asibiti hayaƙin bai ɗaga ba ko da yake rana ta kai tsaka. Masu riksha, keken haya mai ƙafa uku, suna ta kira, mai gasa masara yana fifita wuta. Kinza ta yi tari sau biyu. Shagufta ta durƙusa ta ja mata ƙyallen ulun zuwa hanci, ta kai bakinsa biyu ƙeya, ta yi ƙulli na farko. Ulun ya zame. Ta sake, ya sake zamewa. Tanwir ya durƙusa a ɗaya gefen. Bai karɓa ba. Ya sa ɗan yatsa ya danne ƙullin farko, ya riƙe, har ta ɗora na biyu a kai.

Ta miƙe ta kama hannun Zuhaib. Shi ya ɗauki Kinza, ya kara kunne a bayanta kamar yadda ya saba. Fiton yana nan.

"Ka ji," in ji Shagufta, tana kallon titi. "Tsai da riksha mai labule. Kada mu bi bas."

Ya tsaya yana jiran sunan da zai biyo baya, Baban Zuhaib ko Baban Kinza. Ba ta sa ko ɗaya ba. Ya ɗaga hannu, wata riksha ta fito daga cikin hayaƙin da fitilarta a kunne.